Ba tsautsayi ba ne, mataki ya tsallake

Kun dai ga bidiyon nan na yaron da ya yi alkafura ta baya ya sauka a kan wuya. Masu cewa tsautsayi ne, don Allah ku bari haka nan. Mataki ya tsallake, 'yan fadarsa kuma suna riƙe da waya suna "kai namiji ne, yi kawai!" Sannunku da aiki, manyan masu horarwa.

Kowace dabara ta jiki, ko alkafura, ko tsayuwa kan hannu, ko kayen kokowa, daga ƙarshe ake tsara ta zuwa farko. Ka dubi abin da kake so, ka rarraba shi gida-gida, ka fara da gidan da ko ka kuskure ba za ka karye ba. Alkafura ta baya abu huɗu ce: tashi, dunƙulewa, juyi, sauka. Kafin su duka kuwa, faɗuwa ake koya. Mirgine gaba, mirgine baya, haɓa manne da ƙirji, tafin hannu kusa da kunne don su ɗauki nauyin da zai hau wuya. Wanda bai iya wannan ba, me ya kai shi sama?

Sai tsalle a tsaye, hannu ya miƙe sama, ido a gaba. Nan ne kusan kowa ke ɓata abin. Tsoro ke sa mutum ya jefa kai baya tun ƙafa ba ta bar ƙasa ba, sai baya ya banƙare, tsallen ya tafi baya maimakon sama, tsayin da za a juya a cikinsa ya ƙare. Abin da ya faru a bidiyon ke nan, ku sake kallo a hankali. Dunƙulewa kuma ƙarfin ciki take so: rataya a ƙarfe, ka jawo gwiwa zuwa ƙirji sau 10 ba lilo. Daga nan a tara katifu har ƙugu, ka yi tsalle ka sauka da gadon baya a dunƙule. Sannan masu tallafi biyu, kowa hannu ɗaya a ƙugu ɗaya bayan cinya. Sannan mutum ɗaya.

Ba a wuce mataki sai an yi shi 10 cikin 10 tsaf, a ranaku biyu dabam. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda: ranar da ka cire mai tallafi, kada ka bar yashi ka koma ƙasa mai tauri. Kwana 3 a mako ya isa, gwaji 15 zuwa 20, da farkon atisaye bayan ɗumama jiki na minti 10. Ba bayan ka gama ɗaga ƙarfe ƙafa na rawa ba, ba kuma da tsakar ranar Afrilu ba.

Wai babu kayan aiki. Yashi ne babu a Damagaram? A tona shi ya yi laushi, a tsince duwatsu. Wai wane bai bi mataki ba kuma ya iya. To, gurgun da ke kwance a ɗaki ai ba ya fitowa a TikTok.

Ƙannena, wallahi ba raina ku nake ba. Ƙarfi kuna da shi, zuciya kuna da ita. Laka ce in ta tsinke ba mai ɗorin da ke haɗa ta. In wani ya faɗi kan wuya kada ku ja shi, kada ku zaunar da shi, kada a ɗora shi kan babur. A riƙe kansa yadda yake, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.

Af, masu wayar nan: tunda ɗauka kuka iya, ku tsaya daga gefe, daidai ƙugu, jiki duka ya shiga. Daga gaba ba a ganin kuskuren komai. Kuma ku rage kiɗan nan da kuke ɗorawa, kunnenmu ya gaji.