A zana wa yaranmu tarihin Habré

Ran Juma'a da la'asar muna shan shayi a ƙofar gida a N'Djamena, ɗan ƙanwata mai shekara 16 ya ce, "Kawu, mene ne arbatashar?" A bakin wani dattijo ya ji kalmar. Na yi ta bayani bai gane ba, sai na karɓi bironsa na zana a bayan kwalin sukari: mutum kwance rub da ciki, an haɗe hannuwansa da ƙafafunsa ta baya an ɗaure har ƙirji ya banƙare. Yaron ya ajiye kofin, bai ƙara kurɓa ba.

Haka 'yan sandan ciki na DDS suke ɗaure mutane a mulkin tsohon shugaban ƙasar Chadi Hissène Habré, daga 1982 zuwa 1990. Kwamitin binciken da Mahamat Hassan Abakar ya jagoranta ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum kusan dubu 40. Amma wannan tarihi yana kulle cikin takardun Faransanci, kuma yawancin mutanen Chadi an haife su ne bayan Habré ya tsere. Ina ganin lokaci ya yi da za a mai da shi littafin zane da Hausa da Larabcin Chadi da Ngambay, yadda ko wanda bai je boko ba zai buɗe ya fahimta.

Abin da nake so a fara zanawa shi ne yadda zaluncin ya bi mutane ƙabila-ƙabila. A 1984 aka auka wa 'yan kudu. A 1987 sai Hajarai, waɗanda da su aka kafa mulkin. A 1989 aka juya kan Zagawa. Duk wanda ya ce ba ruwansa tunda ba gidansu aka shiga ba, layi ya iso kansa daga baya.

Sannan a zana Souleymane Guengueng, akawu ne kawai, wanda ya yi alwashi a kurkuku cewa in ya fita da rai zai nemi haƙƙi. Ya fita, ya bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya har ya tara bayanan mutum 792. A 2001 aka gano takardun DDS warwatse a ƙasa cikin ƙura, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a hannunta. Da irin waɗannan shaidu kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016.

Na san wasu za su ce a bar kaza cikin gashinta, kada a tayar da gaba tsakanin ƙabilu. Tsoron nasu ba na banza ba ne. Sai dai yaron da ba a gaya masa gaskiya ba zai ji ta a bakin mai neman tunzura shi, an karkatar da ita. Tun 2015 wata kotu a N'Djamena ta umarci a mai da tsohuwar hedkwatar DDS gidan tarihi, har yau shiru.

A shafin ƙarshe a sa Rose Lokissim tsugune a ɗakin kurkuku, tana rubuta halin da fursunoni ke ciki a guntayen takarda don a fitar da su a ɓoye. An kama ta da su, aka kashe ta a 1986. Ɗan ƙanwata bai taɓa jin sunanta ba sai ran nan. Ya roƙe ni in bar masa kwalin.