Yaron da ya tsira daga yaƙi, inuwa yake buƙata

Tun da na zo Amsterdam, babban birnin ƙasar Holan, nake wucewa ta wani ɗan fili tsakanin gidaje biyu. Rairayi ne kawai, da 'yan duwatsun tsallake da ƙarfen hawa. Ran nan na tsaya ina kallon wata yarinya tana ɗibar rairayi da takalminta, ta zubar, ta sake ɗiba, ba ruwanta da kowa.

Irin waɗannan filayen wasan yara mai zanen gine-gine Aldo van Eyck ya fara tsarawa a 1947, aka yi sama da 700 kafin 1978. Wasu a kangon gidajen Yahudawan da aka kwashe a Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa su, gidajen da mutane suka ɓalle katakonsu don jin ɗumi a hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945. Garin na fama da ƙarancin muhalli, amma bai ce yara su jira ba.

Yau fa? Da zarar bindiga ta yi shiru, sai a kawo kwantena, ko a ɗora kwano kan bulo, a ce ga makaranta. Da rana aji ya zama tanda. In ruwa ya sauko, ƙarar kwanon ta hana jin muryar malami, kuma yaron da bai daɗe da fitowa daga ruwan harsashi ba, me kake zaton wannan ƙara take tuna masa? Tsakar makarantar fayau, ko bishiya ɗaya babu. Wallahi abin yana ci mini rai.

Kada a fake da rashin kuɗi. A 2001 mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar firamare a Gando, Burkina Faso, da tubalin laka, mutanen ƙauyen da hannunsu. Shi ma ya sa kwano, sai dai ya ɗaga shi sama da silin na laka mai ƙofofin iska, zafi ya riƙa ficewa ta sama ba tare da na'ura ba. Gando ba yaƙi ya rusa ta ba, amma lakar da Kéré ya yi amfani da ita tana ƙarƙashin ƙafar duk garin da aka rusa.

Na yarda akwai gaggawa, dole yara su koma aji kafin shekara ta wuce su. Sai dai ginin "wucin gadi" yakan shekara goma a tsaye. Da an dasa bishiya ranar da aka sauke kwantenar, da yanzu a ƙarƙashinta ake karatu.