Kunne ya san mai karatu, bai san marubuciya ba

A shagon ɗinki na wata ƙanwar mahaifiyata, waya na jingine jikin gwangwanin zare tun safe har la'asar, ana karanta mata labari. Ba ta yi boko mai zurfi ba, amma babu wani ɗan wasa a cikin labarin nan da ba ta san halinsa ba. Idan kishiya ta yi makirci sai ta tsayar da keke, ta ce, "Wallahi wannan mata ba ta da imani." Rannan na tambaye ta, "Gwaggo, wa ya rubuta?" Sai ta kira min sunan mai karantawa.

Wannan amsa ita ce ta sa ni ɗaukar alƙalami.

Ba na cikin masu raina littattafan murya da suka cika YouTube da WhatsApp. Sauraron labari ba baƙonmu ba ne; da tatsuniya muka tashi, gidajen rediyo kuma sun daɗe suna karanta littattafai. Abin da ya sauya shi ne ƙofar shiga. A 1933 sai da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya gasar rubutu a Zariya kafin a san Abubakar Imam da Bello Kagara a fagen ƙagaggun labarai. A shekarun 1980 da 1990 marubutan Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, suka riƙa buga nasu da kansu suna kaiwa kasuwa, wanda hakan ma sai mai jari. Yau yarinya a Gusau ko Maraɗi za ta rubuta babi a wayarta da dare, gobe direban tirela ya saurara a hanyar Legas. Makaho ya samu rabonsa, haka tsohuwar da idonta ya yi rauni. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma ta nan nake gano sababbin marubutan da babu kantin da ya taɓa ajiye littafinsu.

Sai dai sau da yawa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Marubuciya ta shafe watanni tana rubutu, ta sanar a fili cewa littafinta na kuɗi ne, a biya a shiga rukuni. Wani ya biya sau ɗaya, ya kwafe, ya karanta a tasharsa, ya liƙa hoton jaruman fim, wani lokaci har ya sauya wa labarin suna. Kuɗin talla nasa ne. Akwai masu karatu na gaskiya da ke neman izini suna biya, ban haɗa da su ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi ayyukan intanet, amma matar aure da ke rubutu tsakanin girki da raino ina ta ga kuɗin lauya?

Dubi yadda masu labaran zane suka yi. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013, yana sakin labarai kyauta a intanet. Roye Okupe ya fara da buga nasa labaran da kansa, har kamfanin ɗab'i na Dark Horse na Amurka ya ƙulla yarjejeniya da shi a 2021. Kyautar ba ta kashe su ba, domin sunansu na manne da aikinsu, duk wanda ya zo neman ciniki ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Namu kuwa a hanya sunan ke faɗuwa.

Abin da nake roƙo bai fi daƙiƙa goma ba: a farkon kowane kashi mai karatu ya faɗi sunan marubuciya da inda za a same ta, bayan ya nemi yardarta. Gasar gajerun labarai ta Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, takan faɗi sunan marubuciya idan za a karanta labarinta.

Na binciko wa Gwaggo sunan marubuciyar labarinta. Ta maimaita shi sau biyu, sannan ta tambaye ni ko tana da wani littafin.