Wannan laptop ɗin nawa zai kashe ni wallahi

Wai mutum ya dawo daga aiki a gajiye, ya zuba tuwo, ya kunna bidiyo zai ɗan huta, shikenan sai fanka ta fara ihu kamar injin markaɗe, hoto na tsayawa murya na wucewa, bakin mutum na motsi maganar tuni ta kai Kano. Haba!

Da farko na ɗauka netwok ne, har na ƙara sayen data a banza. Da na danna Ctrl da Shift da Esc na buɗe Task Manager, wurin da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, sai ga CPU, wato furosesa ƙwaƙwalwar kwamfutar, a kan kashi 100, kuma burauza ce ke cinye kusan duka, ga shafuka goma sha wani abu da na bari a buɗe tun shekaranjiya, to wannan kam laifina ne na yarda.

Ashe bidiyoyi da yawa na intanet yanzu da tsarin matse bidiyo na VP9 ko AV1 suke zuwa, shi kuma tsohon katin hoton nawa, wato sashen da ke sarrafa hoto, tsarin H.264 kawai ya iya warwarewa, sauran sai furosesa ta ɗauka a kanta tana nishi. Na rage ingancin bidiyon zuwa 720 daga 1080, ya ɗan yi dama-dama.

Amma babban abin haushin sai da na kai wa mai gyara ya kwance bayansa, wallahi ƙurar hunturu ta toshe ramin iskar ta zama kamar auduga, man rage zafi da ke kan furosesa ya bushe ƙamas. Ya kalle ni ya ce "Malam, a kan katifa kake ɗora shi ko?" Ban ce masa komai ba, kuɗinsa kawai na ƙirga na ba shi.