Barcin da Ngannou ya ce ya ji bai gamsar da ni ba

Na karanta labarin nan inda Francis Ngannou yake cewa jira ya gajiyar da shi, har barci ya riƙa ɗibarsa kafin su shiga damben boksin da Anthony Joshua a Riyadh, Maris ɗin 2024. Wallahi maganar ta yi mini ciwo, don ni masoyinsa ne. A gidan kallo na Ƙofar Ƙaura muka raba dare, ana ta ƙara wa janareta mai, kuma ni kaɗai nake bayansa a bencinmu.

Amma ai Joshua ma jiran ya yi. Abin da idona ya gani shi ne hannun daman Joshua ya sami Ngannou a turmin farko ya faɗi, a turmi na biyu ya sake samunsa sau biyu, na ƙarshen ko motsi bai yi ba. Haɓarsa a buɗe take, kuma dogaro da ƙarfi ya yi. Lokacin da yake UFC, gasar faɗan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, yana da ƙafa, yana da kokawa, in an matsa masa ya rungumi mutum su zube ƙasa. A nan babu ko ɗaya, sai hannu.

Kai Tyson Fury ƙasa da Ngannou ya yi a turmi na uku a 2023 shi ya ruɗe mu duka. Mu da muka taso muna kallon dambe bayan girbi mun san in aka kashe ɗan dambe, tashi yake ya kwance zarensa, makaɗa su ci gaba da kiɗa. Haka na so Ngannou ya yi, ya ce Joshua ya fi shi a daren nan.