Ingarma a turke: raddi ga masu haramta wa motocin alfarma filin tsere

Tun ranar da jar Ferrari ɗin nan da ake wa laƙabi da Breadvan, wato motar burodi, ta ƙwace wa direbanta ta daki shingen tayoyi a gasar tsofaffin motoci ta Le Mans Classic da aka yi a Faransa a watan Yulin 2022, magana ɗaya nake ta ji, kuma ta ishe ni. Direban ya fito da ƙafarsa, motar ce ta ji jiki. Amma duk sanda bidiyon ya sake zagayowa, sai kuka ya tashi kamar an cinna wa gidan tarihi wuta. Wai ganganci ne. Wai motar da babu irinta a duniya ba ta da hurumin shiga filin tsere. Daga nan hukuncin ya faɗaɗa, har ya kai duk wanda ya ɗauki motar da ba a ƙera da yawa ba, ya kwashe mata kujeru da kafet, ya ɗaura mata kejin ƙarfe don ya shiga gasa da ita, sunansa maɓarnaci.

Ban yarda ba, kuma babbar hujjata ita ce motar da suke wa kukan.

Breadvan ba haka ta fito daga kamfani ba. A 1961 aka ƙera ta, Ferrari 250 GT SWB ce kamar sauran 'yan uwanta sama da 150, irin motar da mutum zai hau titi da ita ya kuma shiga gasa. A ƙarshen shekarar rikici ya ɓarke a Maranello, garin da kamfanin Ferrari yake a Italiya, manyan injiniyoyi suka rabu da mai kamfanin, Enzo Ferrari, cikinsu har da Giotto Bizzarrini da Carlo Chiti. Wani matashin attajiri ɗan birnin Venis, Giovanni Volpi, mai ƙungiyar tsere ta Scuderia Serenissima, ya zuba kuɗi a sabon kamfanin da suka kafa mai suna ATS. Tsoho Enzo ya ƙullace shi, ya hana a sayar masa da sabuwar motar tseren Ferrari, 250 GTO. Shi kuwa Volpi bai tsaya roƙo ba. Ya miƙa wa Bizzarrini motar da ke hannunsa, mai lamba 2819 GT, ya ce a mayar masa da ita abin da zai kayar da GTO. Bizzarrinin nan kuwa shi ne ya jagoranci aikin GTO kafin ya bar kamfanin, ya san ta ciki da bai. Ya ja injin baya, ya sauke shi ƙasa, ya raba baƙin mai da gindin injin ya ba shi tanki daban don injin ya samu wurin sauka, ya jera kafireto shida na Weber. A garejin Piero Drogo da ke Modena aka cire tsohon bodi, aka buga sabo mai dogon rufi da yankakken baya don iska ta rabu da motar ba tare da ta riƙe ta ba. Wannan siffar ce ta sa 'yan jaridar Ingila suka ce motar tallan burodi ce. A tseren awa 24 na Le Mans na 1962 ta wuce motocin GTO tun a farkon tseren, kafin farfelarta ta karye a awa ta huɗu.

To a auna wannan da mudun masu kukan yau. Mutum ya ɗauki lafiyayyar Ferrari, ya tuɓe mata bodin da ta zo da shi, ya gusar da injinta daga mazauninsa. A wurinsu ai babu ɓarnar da ta kai wannan. Amma abin da ya fito daga aikin shi ne yau suke kira dukiyar tarihi, suna cewa kada kowa ya kusance ta. Shi kansa kamfanin Ferrari, ta sashensa na tantance tsofaffin motoci da ake kira Classiche, daga baya ya ba ta takardar shaida ta musamman a matsayin mota mai darajar tarihi, duk da cewa ba haka ta bar hannunsa ba. Da Volpi ya ji irin shawarar da ake bayarwa yanzu, da tana nan cikin jerin 'yan uwanta, ba wanda ya san lambarta.

Haka labarin McLaren F1 yake. Gordon Murray motar titi ya zana, da kujerar direba a tsakiya, da wurin kaya, da na'urar sanyaya ciki, kuma bai so a kai ta tsere ba. Masu saye irin su Ray Bellm da Thomas Bscher ne suka matsa lamba har kamfanin ya amince ya fitar da samfurin tsere mai suna GTR. Aka kwashe kayan ƙawa, aka sa keji, aka buɗe hanyoyin iska, aka ɗora fiffike a baya. Injin BMW mai silinda 12 kuwa rage masa numfashi aka yi saboda dokar gasa, ya dawo wajen ƙarfin doki 600, ƙasa da na motar titi. A 1995, cikin ruwan sama, a zuwanta Le Mans na farko, ta lashe tseren awa 24 gaba ɗaya, da JJ Lehto da Yannick Dalmas da Masanori Sekiya a sitiyari. 'Yan uwanta suka zo na uku, na huɗu, na biyar da na 13. Motocin F1 guda 106 kacal aka ƙera, 64 daga ciki na titi. Kowace ɗaya a cikinsu tana cin albarkacin wannan daren har gobe.

Mafi yawan masu sukar ba su taɓa tsayawa sun ga yadda ake aikin ba, shi ya sa suke ɗauka sara ne da gatari. Nauyi shi ne babban abokin gaba a filin tsere, don haka fata da kafet da rediyo da soson da ke hana ƙara shiga ciki duk fita suke. Sai keji, wanda ba kowane mai walda ke haɗa shi ba, domin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ƙayyade kaurin bututun da wuraren da za a kafa shi. Sai kujera mai rungume jikin direba da bel mai maɗauri shida. Tankin mai a kan sauya shi da na roba mai soso a ciki, wanda ba ya fashewa ya watsa fetur idan an yi karo. A sa na'urar kashe gobara, da makunnin da ma'aikacin fili zai iya yanke wutar batir da shi daga waje. Burki shi ne inda motar titi ta fi saurin ba da kai: zagaye kaɗan a guje ruwansa ya tafasa, ka taka ka ji fanko, saboda haka sai an sauya ruwan da takalman, an kuma jawo musu iska ta bututu. Akasarin waɗannan abubuwa da noti ake ɗaure su, da noti ake kwance su. Ga tsofaffin motoci ma akwai fasfo na musamman da FIA ke bayarwa, wanda ke tilasta motar ta tsaya kan yadda irinta take a zamaninta. Mutanen fili sun fi masu sukar tsanani wajen kare asalin mota, don su da littafin doka da ma'auni suke aiki.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu wannan kuka ba su taɓa ɗaga murya kan ɓarnar da ake yi a ɓoye ba. A watan Agustan 2021, a Pebble Beach ta Amurka, an yi gwanjon wata McLaren F1 ƙirar 1995 kan kusan dala miliyan 20 da rabi. Abin da aka yi ta tallatawa a kanta shi ne cikin shekara 26 ba ta yi tafiyar kilomita 400 ba. Kafin ita, a 2017, wata ruwan ɗorawa ta fito daga Japan da ledar kamfani a jikin kujerunta, ba ta cika kilomita 250 ba. Motar da Andy Wallace ya kai irinta kilomita 386 a awa a 1998, ita ce aka kulle a ɗaki shekara ashirin, aka kuma tafa wa wanda ya kulle ta. Kowane Bahaushen da ya tashi kusa da barga ya san makomar ingarman da aka ɗaure a turke ba kilisa ba sukuwa: ƙafa ta kumbura, jiki ya mutu, ranar da aka ɗaura masa sirdi ya ba da kunya. Mota ma haka take. Robobin injin su bushe su tsage, fetur ya daskare a bututu, ruwan burki ya sha raɓa ya cinye ƙarfe ta ciki, tayoyi su lotse a inda suka taka ƙasa. Fenti yana walƙiya, ciki ya ruɓe. Wannan ba adanawa ba ce, kisan mummuƙe ne.

A faɗi gaskiya, farashi ake gadi. Ferrari 250 GTO guda 36 aka ƙera, an sayar da ɗaya dala miliyan 48.4 a 2018. Mercedes 300 SLR ta Uhlenhaut ta kai yuro miliyan 135 a 2022. Da kuɗi ya kai nan, mota ta tashi daga hannun masu son tuƙi ta koma hannun masu neman wurin ajiyar dukiya, su kuwa duk abin da zai taɓa lissafinsu sai su sa masa rigar tarihi. Me ya ba GTO wannan daraja tun farko? Kambun duniya na motocin GT da ta ci wa Ferrari a 1962 da 1963 da 1964, a hannun direbobin da suka goge mata fenti, suka lanƙwasa mata ƙarfe, aka buga aka miƙe aka koma fili. Dillalan yau suna cin ribar gumin waɗancan, sannan suna zagin wanda ya ce zai yi abin da suka yi. Ko a lissafin nasu ma ba su da gaskiya. Rowan Atkinson, ɗan wasan barkwancin nan na Ingila, ya tuƙa tasa F1 mil dubu arba'in da wani abu, ya yi hatsari da ita sau biyu, gyaran na 2011 ya haura fam dubu 900. Da ya sayar da ita a 2015, wajen fam miliyan 8 aka ruwaito ta yi, ninkin ba ninkin abin da ya saya.

Masu cewa a ƙera kwafi a yi tsere da shi a bar ta asali a gida, yaudarar 'yan kallo suke nema a halatta, mutum ya biya kuɗin ƙofa ya kalli jabu. Masu cewa duk harkar almubazzaranci ce kuwa, su fara da wanda ya kulle dala miliyan 20 a ɗaki ba ta ciyar da kowa, kafin su zo kan wanda motarsa ke riƙe da kanikawa da maƙera da masu fenti da matasan da ke koyon buga bodin alminiyom da hannu, sana'ar da za ta mutu ranar da aka daina lanƙwasa irin waɗannan motoci.

Ba cewa nake duk wanda ya riƙe sufana ya cancanta ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Akwai wanda zai yanke firam don ya cusa injin da ba nata ba, ya watsar da kayan asali a bola, ya kuma kasa kai motar ko da zagaye goma. Wannan ya cancanci duk zagin da aka yi masa, amma laifinsa rashin iya aiki ne da rashin amana, kuma zalunci ne a haɗa shi da irin su garejin Michelotto na birnin Padova, wanda Ferrari da kanta ta damƙa wa motarta ta titi F40 ya mayar da ita motar tsere F40 LM, har Jean Alesi ya zo na uku da ita a filin tseren Laguna Seca na Amurka a 1989. Masu sukar sun san wannan bambanci sarai. Sun ƙi faɗinsa ne domin hukuncin jimla ya fi musu sauƙi, ya kuma fi kare musu kasuwa.

Abin da nake so a gani ba shi da yawa. Wanda zai sauya mota ya ajiye duk abin da ya kwance, ya rubuta abin da ya yi, kada ya yanke abin da ba ya mayuwa. Masu shirya tarukan tseren tsofaffin motoci irin su Goodwood Revival da Le Mans Classic su fifita motocin asali a layin farawa, su bayyana wa 'yan kallo wacce ce kwafi. Kamfanonin gwanjo kuma su daina buga ƙarancin kilomita da manyan baƙaƙe a saman talla kamar lambar yabo, su fara gaya wa mai saye nawa zai kashe kafin injin da ya shekara ashirin a kwance ya sake tashi.