Na je neman aku, na dawo ba hula

Sunan ne ya yaudare ni. An ce tsibirin Cockatoo, wato farin akun nan mai tukku, sai na shafa katin Opal na biyan kuɗin sufuri a tashar Circular Quay da ke Sidni, a Ostareliya, na hau jirgin fito. Ba mu cika rabin sa'a ba muka sauka. Shiga kyauta ce. Aku kuwa, ko gashinsa ban gani ba.

Wurin kurkuku ne daga 1839 zuwa 1869. Fursunoni suka fafe dutse da hannu, suka yi rumbunan hatsi masu siffar tulu a cikin ƙasa, su ne kuma suka haƙa kwarmin Fitzroy na gyaran jirage, aikin shekara goma, aka gama a 1857. Daga baya aka yi ta ƙera jiragen ruwa har 1991. Duk wannan na karanta a tsanake a ƙasa, kafin in kama matakala zuwa tudu inda ɗakunan fursunonin suke, da gurasa mai nama a hannuna.

Ashe watan Oktoba lokacin ƙyanƙyasar fararen tsuntsayen teku ne, kuma a kan duwatsu da gefen hanya suke sheƙa. Wanda ya sani yakan buɗe lema, ya ɓoye abinci a jaka, ya wuce ba tsayawa. Ni na tsaya ɗaukar hoton ɗan tsako. Uwar ta sako daga baya kamar shirwa, ta doke min hula, zanna bukar sabuwa fil, iska ta mirgina ta gangare. Na ɗaga hannu in kare kai, na manta gurasa na ciki. Wata ta amshe, ko godiya babu.

Na ruga ƙasa na faɗa wani ramin wucewa mai lanƙwasa kamar gwiwar kare da aka fasa cikin dutse, na ɓulla wani gefen tsibirin da ban sani ba. A 1863 wani fursuna, Fred Ward, ya tsere daga nan da iyo; ranar na fahimci uzurinsa.

Jirgin da ya fara zuwa na afka, ban duba allo ba. Tasha ɗaya ce ga mai zuwa gari da mai hawa kogi. Sai da na ga gadar Sidni tana ƙanƙancewa a bayanmu na tambayi na kusa da ni, ya ce Parramatta muka nufa, can saman kogi.